Dashen da Na Kai Ƙasa da Jan Turke

To, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ku matso. Na ji ku ɗazu a kan tuwo kuna cewa ranar Asabar za a kwashe ku a bas daga nan unguwar Setapak ta Kuala Lumpur zuwa bakin teku ku dasa itatuwa, a ba kowa riga da hula, kafin azahar an gama. Har na ji wani a cikinku ya ce, da "lah" ɗin nan ta mutanen ƙasar nan, "Ai ba wani aiki ba ne lah, ka soka tsinke a taɓo a ɗauke ka hoto."

Ni ban yi boko ba. Ko sunana na gani a takarda ba zan gane shi ba. Amma shekara talatin da 'yan kai na yi ina renon dashe, kuma akwai wata tsohuwa a wancan bakin tekun, Macik Salma, da zaman gidanta ya taɓa rataya a kan itatuwan da hannun nan ya dasa. In sun rayu, gidanta ya zauna inda yake. In sun mutu, a tashe shi. Zan gaya muku yadda aka yi. Amma sai na faro daga inda hannun ya koyi aiki, in ba haka ba ba za ku gane inda ya kuskure ba.

Aikin farko da aka ba ni a gandun renon itatuwa na hukuma, can garinmu kusa da iyakar Nijar, tankaɗe ne. Ba na gari ba, na ƙasa. Malam Tanko mai gandu, wani dogon dattijo da kunnensa ɗaya ba ya ji, ya miƙo mini rariyar waya, ya nuna mini tsibi uku: jar ƙasa, yashi, da takin awaki da ya shekara yana ruɓa. Wata uku ina tankaɗe ina gaurayawa, ban taɓa ƙwayar iri ko ɗaya ba. Daga nan aka ƙara mini girma, aka ce in riƙa cika leda. Baƙar leda ce mai huji a gindi. A cika ta, a buga gindinta a ƙasa sau biyu. Sau biyu, ba ɗaya ba, ba uku ba. In ka buga sau ɗaya ƙasar ta yi sako-sako, ruwa ya zarce ya bar iri da ƙishi. In ka buga sau uku ta dunƙule, saiwa ta rasa hanya. Malam Tanko yakan bi layi yana danna babban yatsa a kowace leda. Ranar da ya iso kan nawa ya ɗaga ɗaya, ya jujjuya ta, ya ce, "Ke Ladi, wannan leda ce ko tubali? Gini za mu yi?" Ya sa na zazzage layin duka na sake.

Sai da damina ta zagayo sannan ya sanar da ni halin iri. Darbejiya ba ta jira: ka tsinto ta, ka wanke, ka shuka cikin kwanakin nan, in ka ajiye ta a ɗaki ta mutu a hannunka ba ka sani ba. Kuka taurin kai gare ta, sai an zuba mata ruwan zafi ta kwana a ciki. Gawo da bagaruwa ba a gindin uwa muke tsintar su ba, garken awaki muke zuwa mu tsince su cikin kashi, don wanda ya ratsa cikin akuya ya fi saurin tsiro. Mangwaro kuwa wuƙa ake sa wa, a ɓare ƙwallon a hankali kamar ana yanke wa jariri farce. Kayan aikinmu ba su da yawa: rariya, wuƙa, 'yar fartanya, garwa biyu da sandar ɗauka, gwangwanin da muka huhhuda da ƙusa don yayyafi, sai zanar rumfa.

Aikin da ya fi cin baya shi ne ɗaga leda. Dashe in ya ji daɗin wuri sai ya zuro saiwa ta hujin nan ya kama ƙasa. Ran da ka zo fitar da shi ka fizga, ka kashe shi ke nan. Don haka duk bayan sati biyu mu bi leda ɗaya-ɗaya, mu ɗaga, mu datse abin da ya leƙo, mu mayar. Ana saura wata guda a fitar da su kuma sai mu fara yi musu rowa: a janye zana, a rage ruwa, har ganyen ya ɗan yi laushi da rana. Dashen da bai san ƙishi a gandu ba, ba ya kai sati a daji.

Masu zuwa karɓa iri-iri ne. Matan gari zogale suke so, su ne ba sa barin dashe ya mutu, don ruwan alwala ma a gindinsa suke zubarwa. Wani hedimasta ya taɓa zuwa da amalanke, ya ce a ba shi itacen da ba ya son ban ruwa, akuya ba ta ci, yara ba sa karyawa. Malam Tanko ya juyo masa kunnen da ke ji, ya ce a maimaita. Da aka maimaita ya ce, "Akwai shi, Malam. Turken siminti." Sai kuma manya, masu zuwa ranar dashe ta shekara. A shimfiɗa musu darduma a bakin rami kar takalmi ya ɓaci, su dasa ɗaya, a tafa, motoci su tashi. Washegari akuya ta karya da shi.

Ana nan, ana nan, sai wata shekara ruwa ya sauka da wuri, ya sauka da ƙarfi. Muka kwashe dashen gandu kaf muka jera a bayan gari don tare rairayi. Muna gamawa sama ta rufe bakinta. Kwana da kwanaki ba ko ɗigo. Rijiyar gandu ta koma laka. Da muka je dubawa, layi bayan layi sun bushe, in ka taɓa su karye. Muka bi su da Malam Tanko har muka kai ƙarshe. Sai ya ce, "Ladi, daina kallon matattu. Dubi inda masu ran suke." Na duba. Duk wanda ya rayu a kwari yake, inda ƙasa ta ɗan lotsa, inda ruwan farko ya kwanta ya daɗe. Tun daga ranar na riƙe abu biyu: nemi gangare ka dasa, kuma kowane dashe ka kwarfe masa ƙasa kewaye da gindi ta yi kamar kwano, ko raɓa ce ta sauka ta taru masa. Shekara ashirin ina yin haka, bai taɓa ba ni kunya ba. Ku riƙe wannan.

Zuwana ƙasar nan, autata Hajara ce sanadi. Gwamnati ta turo ta karatu, ita da mijinta, sai ta haihu, aka ce in zo wankan jego. Wata uku aka ce, ga shi har yau. Abin da ya fara ɗaure mini kai a Kuala Lumpur ruwan sama ne. Kusan kullum da la'asar sai ya zuba, ba wanda ke ɗaga kai ya gode. Aka kai ni bakin tafkin Titiwangsa na ga itatuwa kamar gidajen sama, na ce wa ke yi musu ban ruwa, aka yi ta yi mini dariya. Hannu bai iya zama ba. Na tara gwangwanayen madara a barandar nan, hawa na sha huɗu, na rena zogale da rama da yakuwa. Matanmu har daga unguwar Sentul suke hawa jirgin ƙasa su zo su ɗauka.

Wata rana na ce mata, "Auta, wai me kike karantawa ne da ba ya ƙarewa?"

Ta ce, "Inna, teku nake karantawa."

Na ce, "Mu da ko kogi ba mu da shi?"

Ta yi dariya. Ta ce duniya ta ƙara zafi, ƙanƙarar da ke daskare a can ƙarshen duniya tana narkewa tana gangarowa teku, shi ma ruwan in ya ji ɗumi kumbura yake yi. Kaɗan-kaɗan yake hawa, kuma abin da ya hau ba ya saki. Ta ce, "Kuma muna da teku, Inna. Legas da Fatakwal ba namu ba ne? Abin da na koya a nan, can zan kai shi. Gobe ki raka ni, akwai leda."

Ƙauyen masunta ne, tafiyar awa biyu a mota. Gidajen katako ne a kan dogayen ƙafafu. Tsakaninsu da teku akwai jinga, wato dogon tudun ƙasa da aka tara don tare ruwa. A da, in ji su, gaban jingar kurmi ne na wani itace da suke kira bakau, mai tsirowa cikin taɓon gishiri, saiwoyinsa a waje kamar mutum ya kafa yatsu a ƙasa. Shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa, shi ke riƙe laka. Aka sare wani don gawayi, teku ya cinye saura. Yanzu in ruwa ya yi babbar cika sai ya haura jingar ya bi ƙarƙashin gidaje. Hukumar da ke kula da bakin teku ta yanke magana: in kurmi mai faɗi ya tsaya a gaban jingar kafin su dawo dubawa, za su gyara ta a inda take. In bai tsaya ba, za su gina sabuwa a baya, layin gidajen gaba ya tashi. Gidan farko a layin na Macik Salma ne, wanda mijinta ya gina kafin ya rasu. Macik kamar ka ce gwaggo ne da yarensu. Kowa haka yake kiranta, ni ma na bi, ita kuma tana ce mini Haja.

Ita ce mai renon bakau a ƙauyen. Ranar farko ta miƙo mini irinsa, na ɗauka wasa take yi. Dogo ne kamar kyandir, kore, mai tsini. Tun yana kan uwa yake tsirowa, in ya nuna ya faɗo kamar mashi. Ta nuna mini wuyansa: in zobe mai ruwan ɗorawa ya fito, ya isa tsinka, in babu a bar shi. Ba ta jin Hausa, ba na jin Malay. Kalma uku muka yi shekara da su: boleh, ya yi, tak boleh, bai yi ba, makan, zo mu ci abinci. Sauran duk hannu ne.

Gandunta ya ba ni mamaki, ba garwa ba gwangwani. A bakin wata 'yar ƙorama ta jera ledojin, teku ya shigo sau biyu a yini ya yi musu ban ruwa ya koma. Ta nuna mini wata a sama da yatsa, na gane: tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwa ya fi hawa, tsakaninsu ya yi sanyi. Ta koya mini hawa katako, a durƙusa a kai da gwiwa ɗaya a tura da ɗaya ƙafar, don taɓon wurin yana haɗiye mutum har cinya. Ta koya mini sa wa dashe rigar gora saboda ƙaguwa mai datse shi, da yadda ake korar birai masu tumɓuke shi don wasa kawai. Ni kuma na ga saiwoyinta sun kama ƙasa ta ƙarƙashin leda, na ɗauko wuƙa na nuna mata ɗagawa da datsewa. Ta kalla, ta kalla, ta ce, "Boleh, Haja." Dashen shekarar nan ya fito ƙosasshe, mai ganye huɗu da shida, babu na yarwa.

Ita kuwa Auta da abokan karatunta awo suke yi. Wata da watanni suna kafa na'ura, suna rubuta awa nawa ruwa ke kwanciya a kowane taku. Da suka gama suka kafa turaka masu jan fenti a jere. Daga jinga zuwa jan turke, nan ne za a dasa. Sai dai wurin siriri ne, bai kai rabin faɗin da hukuma ke so ba. Dabarar Auta ita ce a dasa rabin dashen a nan, a ajiye rabi don cike gurbin waɗanda za su mutu. Ƙasa da jan turke kuma a kafa shingen gora, ruwa ya riƙa shigowa da laka yana bari, ƙasar ta tashi a hankali, bayan shekara biyu ko uku a dasa. Sai ta roƙi hukuma ta yi haƙuri har lokacin. Duk ta gaya mini wannan a mota. Na ji, na ce to.

Ranar dashe jaririyar Auta ta tashi da zazzaɓi, dole ta tsaya asibiti. Ta ce in tafi da 'yan makaranta, yaranmu na nan Setapak, sun kai talatin, yayyenku ne. Muka isa ruwa ya janye. Kafin hantsi ya yi zafi mun cike siririn wurin nan, ga rabin dashe jere a gandu, kore shar, a daidai lokacin fitarsa. Na tsaya a kan jinga na dubi ƙasa da jan turke. Fili ne shimfiɗe, mai gangare, mai laushi, ruwa kwance yana ƙyalli a cikinsa. Shekara ashirin ina neman irin wannan wuri ban taɓa samu ba. Na ce a raina, yaran nan da na'urarsu sun bar wuri mai albarka sun maƙale a tudu. In muka cike shi yau, faɗin da hukuma ke so ya samu, gidan baiwar Allah ya tsira.

Na ce, "Ku kwaso sauran."

Wani mai suna Bashir, injiniya yake karanta, ya matso ya rage murya. "Hajiya, Anti Hajara ta ce kar mu wuce jan turke."

Na ce, "Anti Hajarar wa ya haife ta?"

Ya ce, "Ke ce, Hajiya."

"Tun uwarka ba ta yi aure ba nake dasa itace. Ka taɓa ganin wanda ruwa ya yi wa yawa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." Da 'ya'yan wasu ne da sun yi mini gardama, ko su zaga baya su kira Auta a waya. Amma namu ne, an koya musu ba a mayar wa tsohuwa magana. Talatin ɗinsu, masu digiri da masu neman na biyu, suka kwashi leda suka bi ni cikin taɓo.

Macik Salma ta taho da sauri tana kaɗa hannu. "Tak boleh, Haja. Tak boleh." Na nuna mata filin, na buɗe hannuwa na nuna faɗi, sannan na nuna gidanta. Ta dubi gidan. Ta daɗe tana dubansa. Ta juya ta ɗauko katakonta, ta shiga gaba tana tura mana leda.

Mun yi aiki mai kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Layi a miƙe, taku biyu tsakani, kowane dashe da sandar gora an ɗaure shi. Kuma na bi su ɗaya-ɗaya na kwarfe wa kowanne kwanonsa a gindi, yadda na saba. Muka gama ruwa na taɓa mana idon sawu. Aka tsaya a kedai, shagon abinci ke nan, a hanya aka yi tapau na shinkafa, wato aka ƙunsa mana muka taho da ita, yara na ta waƙa a bas.

Bayan kwana uku na raka Auta ta je ta gani. Ta tsaya a kan jinga, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Inna, zo ki ga wani abu." Ta kai ni gindin wani tsohon bakau da ya rage, ta sa yatsana a kan saiwarsa. Akwai ƙananan ƙuraje a jiki. Ta ce, "Hancinsa ke nan. Da nan yake numfashi in ruwa ya janye. Can ƙasa ruwan ba ya janyewa da wuri. Ba ƙishi ke kashe wannan ba, Inna. Nutsewa yake yi."

Na ce, "Ai ga su nan kore."

Ta ce, "Allah ya sa ni ce na yi kuskure."

Sati biyu suna kore. Sai daren sha huɗu ya zo da babbar cika. Da ruwa ya koma, ganyen ya sha laka ya yi nauyi. Wasu ƙananan halittu masu ɓawo suka manne wa karan har ya sunkuya. Kwanon da na kwarfe ya riƙe ruwa ko bayan teku ya tafi, don haka 'yar iskar da za su samu ma na toshe musu ita. Suka fara baƙi daga gindi. Waɗanda suka fi nisa suka fara, mutuwar tana hawowa layi-layi, har ta iso jan turke ta tsaya cak, kamar an ja mata zare. Na sama sun rayu, amma ƙaguwa da birai sun yi musu giɓi nan da can, kuma ba ko leda ɗaya a gandu da za a cike. Renon shekara guda, nawa da na Macik.

Ana gobe mutanen hukuma za su zo na ce wa Auta, "Ba ni yara biyar mu tumɓuke sandunan nan kafin su gani."

Ta ce, "Bar su, Inna."

"Sunanki zai ɓaci."

"Su ma awo ne. Wata shida na yi ina nema da na'ura, ke kin nuna shi a sati uku."

Suka zo su huɗu da laima, shugabarsu wata mace mai taswira a hannu. Auta ta zaga da su ko'ina, ba ta ɓoye komai ba, ba ta kuma ce ni ce ba. Ta yi musu bayanin shingen gora, ta roƙi shekara biyu. Matar ta saurara da kyau. Ta dubi baƙaƙen sandunan nan jere har bakin ruwa, ta dubi siririn kore mai giɓi, ta yi magana a hankali. Auta ta fassara mini a mota: ta ce in itacen da kansa ya ƙi gaba, sai a ba shi wuri a baya, kuma ba za ta iya barin mutane suna kwana bayan jingar da ruwa ke haurawa har shekara biyu ba.

Takarda ta fito bayan wata huɗu. Sabuwar jinga a baya, layin gaba ya tashi, an ba su filaye kusa da masallaci. Auta ta ce ko ban yi abin da na yi ba haka za a ƙare, teku ya riga ya yanke hukunci. Wataƙila. Wataƙila kuma da matar ta tarar da kore cike ba giɓi, da gandu cike da leda, da ta ba da shekara biyun. Ni ba ni da na'urar da zan auna wannan.

Sauran maƙwabta rushe nasu suka yi suka gina na bulo. Macik Salma ta ce ba mai cire ƙusa ɗaya daga aikin mijinta. Sai dattawan ƙauyen suka ce a yi yadda kakanninsu ke yi, a ɗauki gidan a kafaɗa. Ban yarda ba sai da na gani. Aka zura dogayen gora ta ƙarƙashin daɓen katakon, tsaye da kwance, aka ɗaɗɗaure da igiya. Mazan ƙauye suka fito, yaranmu ma suka cika bas suka je, har Bashir, ba wanda ya aike su. Mata suka dafa shinkafa a manyan tukwane. Liman ya yi addu'a. Wani tsoho mai ƙaramin rawani ya hau kan jinga ya ƙirga da ƙarfi, a na uku aka yi kabbara, gida ya tashi daga ƙasa da labulensa da komai.

Sun yi taku kamar biyar sai Macik ta ƙwalla ƙara, ta ruga ta shiga gabansu ta ware hannuwa. Aka tsaya, gida na lilo a kafaɗun mutane, kowa na nishi. Na matsa na duba. A bayan inda madafinta yake, wajen da matakala ta kare, akwai wani tsohon kwandon kamun kifi a kife. Ta ɗaga shi. Bakau ne, ya kai gwiwa, ganye shar, har ya fara kafa yatsunsa a ƙasa. Ba layi, ba sanda, ba leda. Ruwan da ke haura jinga ne ya kawo irin ya ajiye.

Auta ta durƙusa ta dube shi, ta tambaye ta wani abu. Macik ta amsa ba ta kalle ta ba.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce shekararsa biyu. Ita ta kife masa kwando saboda kaji."

"Ba ta gaya miki ba?"

"Ta ce da ta gaya mini da na rubuta, hukuma ta ce ai teku ya riga ya iso gidanta."

Tsohon nan na kan jinga ya yi tsawa, mutane sun gaji, ko a ajiye ko a wuce. Macik ta tsaya a kan dashen ta raba ƙafafu, ta nuna musu hagu da hannu. Sai ya sake ƙirgawa. Maza sittin da gida a kafaɗa suka ja da baya taku biyu, suka karkata, suka kewaye shi.